Akwatin Faifan Kawu: Wa Muke Yi Wa Tafi, Makashi Ko Wanda Aka Kashe?



A ƙarƙashin gadona a gida akwai wani tsohon akwatin ƙarfe, irin na 'yan makarantar kwana, cike maƙil da faya-fayan fim. Na Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Shekarun baya yana da ɗan shagon haya da sayar da kaset da faifai a cikin garin Daura. Da kasuwar ta mutu sai ya koma sayar da caja da iyafis, ya tattara abin da ya rage ya ce in kai bola, ko in ba yara su yi tayar mota da su. Ban kai ba. Na zauna na goge su ɗaya bayan ɗaya, na ware masu rai da waɗanda suka karce, na ƙirga ɗari uku da 'yan kai. Tun daga ranar cutar ta kama ni. Duk inda na ga faifai a shimfiɗe sai na tsaya na taya, ko a kasuwar Mai'aduwa ne, ko in na shiga Kano. 'Yan ɗakinmu har suna suka sa mini, wai "Gidan Tarihi". Na amsa, ba komai.

A cikin akwatin akwai tsofaffin fina-finan Hausa irin su Sangaya da Wasila, akwai na Indiya, akwai na Cana na faɗa. Amma akwai wani sashe da na ware daban na ɗaure da roba, kusan guda arba'in. Su ne fina-finan masu kisan ɗauki-ɗai-ɗai, wato labarin mutum guda da ke bin mutane yana kashewa ɗaya bayan ɗaya, 'yan sanda na bin sawunsa. Ba zan yi muku munafunci ba, ina son su. Na san da yawa a cikinku ma haka ne, don ina jin hirarrakin da ake yi a hostal bayan lakca. Saboda haka wannan rubutu ba wa'azin wanda bai taɓa kallo ba ne. Maganar ɗan gida ce.

Abin da ya sa na ɗauki biro ya faru ne a hutun da ya wuce. Ƙanena ɗan shekara 12 ya ɗauki wayar Mama ya kai wajen masu turi, aka cika masa memori da naira ɗari biyu. Cikin dare na tashi na ga haske a ƙarƙashin bargonsa. Na yaye, sai ga shi da iyafis a kunne, yana kallon wani fim ɗin Indiya-Hausa na wani mutum da ke sace 'yan mata 'yan makaranta yana kashewa. Ban dake shi ba. Da safe na ce masa, "To Malam, yaya fim ɗin jiya?" Ya washe baki ya ce, "Kai Yaya, bos ɗin nan ya haɗu! Wallahi ya fi 'yan sandan wayo." Na ce, "Madalla. 'Yan matan da ya kashe fa, su nawa ne? Faɗa mini sunan ko da ɗaya." Ya yi shiru yana sosa ƙeya.

Na so in yi masa faɗa, sai na tuna da robar da ke cikin akwatina. Na yi wa kaina tambayar da na yi masa. Na san Norman Bates na fim ɗin Psycho, wanda Alfred Hitchcock ya yi a 1960. Na san Hannibal Lecter na The Silence of the Lambs na 1991, har yadda yake tsayuwa a bayan gilashi zan iya kwaikwaya muku. Na san makashin Se7en na 1995 da yadda ya jera kisansa a kan manyan zunubai bakwai na koyarwar Kirista. Amma da aka ce in lissafa waɗanda aka kashe a fina-finan nan arba'in, da ƙyar na haɗa uku. Ashe ni da yaron jirgi ɗaya ya kwaso mu. Bambancin kawai ni na iya Turancin kare kaina.

Shin fim na mayar da mutum makashi?

Mu fara da tambayar da iyayenmu da malamanmu suka fi yi. Amsata ita ce a'a, ba haka kai tsaye ba. Miliyoyin mutane sun kalli fina-finan nan sun tashi sun tafi harkokinsu, ko kaza ba su yanka ba. Gaskiya ne an samu 'yan ɗaiɗaiku. A Kanada an yi wani Mark Twitchell a birnin Edmonton, mai son shirin Dexter ne na fitar hankali, wanda ya yaudari wani mutum ta intanet ya kashe shi a 2008, kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2011. Amma irin wannan, zuciyarsa ce dama ta lalace, fim ya ba shi salo ne kawai. Da bai samu a nan ba, da ya samu a wani wurin.

Kuma mu 'yan Jihar Katsina bai kamata a ruɗe mu ba. Jinin da aka zubar a yankunan Batsari da Jibiya da Safana da Faskari ba faifai ne ya jawo shi ba. Waɗanda suka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020 ba daga gidan kallo suka fito ba. Wanda ya ce in an hana fim an magance kisa, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

To in haka ne, ina matsalar take? Matsalar ba a hannu take ba, a zuciya take. Fim ba ya ba ka wuƙa, amma yana koya maka abu biyu ba tare da ka ankara ba: wanda za ka yi sha'awa, da wanda za ka ji tsoro. A duka biyun, yawancin fina-finan nan karkataccen karatu suke ba mu.

Na farko: wa muke sha'awa?

Ku duba yadda ake gina su. Makashi ne ke da kalamai masu daɗi, shi ke da natsuwa, shi kyamara ke bi a hankali, shi ake yi wa kiɗa na musamman in ya shigo. Anthony Hopkins bai cika rabin awa a allo ba a fim ɗin da ya kusa awa biyu, amma shi ya tafi da kyautar Oscar ta gwarzon ɗan wasa, kuma shi duniya ta riƙe. Wanda aka kashe kuwa, yawanci mace ce, ta fito minti uku, ta yi ihu, an nuna gawarta, an wuce. Ba ta da uwa, ba ta da buri, ba ta da jarrabawar da take shirin rubutawa. Tsani ce kawai da labari ke takawa ya hau.

In labarin ƙirƙira ne, da sauƙi. Amma yanzu abin ya koma kan mutanen gaske. A 2022 kamfanin Netflix ya fitar da shiri a kan Jeffrey Dahmer, wanda ya kashe maza da samari 17 a Amurka tsakanin 1978 da 1991. Shirin ya samu karɓuwa sosai a duniya. Sai dai 'yan'uwan wasu daga cikin mamatan sun fito fili sun ce ba a tuntuɓe su ba, an fama musu tsohon miki ne don a samu kuɗi. Abin ya kai har kasuwar eBay ta hana sayar da kayan shigar kwaikwayonsa, saboda mutane sun fara neman su don ado. Ku tsaya ku yi tunani: mutumin da ya yi wa 'ya'yan mutane wannan ta'asa, shi ake sayen irin tabaransa.

Kada ku ce can ne a Amurka. A nan makarantar na ga wanda ya sa hoton irin waɗannan mutane a fuskar WhatsApp ɗinsa. Na ji ana yi wa wani kirari da "saiko" yana jin daɗi, wai alamar ba a taɓa shi. Wata 'yar ajinmu ta taɓa ce mini, "Ku maza kuna kallon fim ɗin nan kuna ganin kanku a ɗan sanda ko a bos. Mu kuwa gawar muke ganin kanmu." Wallahi maganar nan ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Faifai ɗaya muka kalla, amma ba fim ɗaya muka gani ba.

Na biyu: wa muke tsoro?

Fim ya koya mana cewa makashi wani baƙo ne mai ƙwaƙwalwa ta musamman, mai zama a ɗaki mai duhu yana tsara dabaru, ko kuma wani mai taɓin hankali mai ban tsoro. Zahiri ba haka take ba. A 2019 an yi ta samun gawarwakin mata a otal-otal na Fatakwal. Da aka kama Gracious David-West a watan Satumba na shekarar, ba wani gwanin dabara aka gani ba. Kyamarar tsaro ta otal ce ta ɗauke shi, hoton ya bazu, aka cafke shi, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2020. Abin da ya ba shi dama ba basira ba ce. Ya zaɓi matan da ya san ba kowa ne zai yi saurin tambayar inda suke ba.

Mu dawo gida. Babu ɗan Arewa da ya manta da Hanifa, yarinya 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a Disambar 2021, aka gano gawarta a Janairun 2022. Ba baƙo ne ya ɗauke ta ba, mai makarantar da take zuwa ne, wanda iyayenta suka amince wa. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Da gangan ban rubuta sunansa ba. A wannan karon jama'armu sun yi daidai, sunan yarinyar aka riƙe, ita aka yi wa kuka. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Yaron da fim ya koya wa tsoron baƙo mai rufe fuska, ba zai yi zargin mai murmushin da ya saba gani kullum ba.

Akwai kuma wanda ke biyan kuɗin wannan karkataccen tsoro, shi ne bawan Allah mai lalurar ƙwaƙwalwa da ke yawo a kasuwa, da baƙon da bai iya yaren gari ba. Da an ce wani abu ya faru, su ake fara nunawa da yatsa. Fim ɗin da ya fi buɗe mini ido a nan shi ne Memories of Murder na Koriya ta Kudu, wanda Bong Joon-ho ya yi a 2003, a kan kashe-kashen mata da aka yi a yankin Hwaseong daga 1986 zuwa 1991. Fim ɗin ya nuna 'yan sanda suna kama raunana suna dukansu don su amsa laifin da ba su yi ba, kuma ya ƙare ba a kama kowa ba. Sai a 2019 gwajin ƙwayar halitta ya tona asirin mai laifin na gaskiya, yana ma kurkuku a kan wani kisan daban. A nan ne ta bayyana cewa wani mutum ya shafe shekara 20 a ɗaure a kan ɗaya daga cikin kisan, alhali bai ji ba bai gani ba. Kotu ta wanke shi a 2020. Wa zai dawo masa da ƙuruciyarsa?

Abin da faifai ke da shi, waya ta rasa

Yanzu bari in koma kan akwatin Kawu, don a nan ne ainihin maganata take. Fina-finan nan ba yau suka shigo Daura ba. Tun zamanin kaset suna nan. Abin da ya canza shi ne yadda suke isa ga mai kallo.

Faifai abu ne da ake gani a riƙe. Yana da kwali, kwalin yana da hoto, da yawa har da alamar shekarun da suka dace a kalla. Kafin ya shiga gida sai ya bi ta hannun mai shago, mai shago kuma ya san ɗan wane ne kai. Na sha ganin Kawu ya karɓe faifai daga hannun yaro ya ce, "Wannan ba naka ba ne, je ka ce Babanka ya zo da kansa." In ya shiga gida, talabijin ɗaya ce a falo. Sai an kawo wuta ko an tayar da janareta, sai an taru. Baba na iya shigowa kowane lokaci. In aka zo wurin da bai dace ba, akwai yayar da za ta ce a wuce, akwai Mama da za ta ce "Subhanallahi, wannan 'yar mutane ce fa!" Wannan 'yar kalmar ta Mama ita ce ke maido wa gawar da ke allo mutuncinta.

Ai labarin ban tsoro ba baƙonmu ba ne. Mun taso da tatsuniyar Dodo mai cin mutane. Garin nan namu ma, labarin kafuwar sarautarsa na macijin rijiyar Kusugu ne da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Labarin kisan farko a bayan ƙasa, na 'ya'yan Annabi Adamu biyu, yana cikin Suratul Ma'ida, kuma ya ƙare ne da nadamar wanda ya yi kisan. Amma ku lura, duk waɗannan ba a ɓoye muka ji su ba. Kaka ce ke ba da tatsuniya, kana jingine da ƙafarta. Malam ne ke fassara aya, kana gabansa. Akwai babba a wurin da zai nuna maka ɓangaren da ya kamata ka tsaya. Ba wanda ya taɓa tashi daga tatsuniya yana cewa Dodo ya haɗu.

Waya ta cire babban nan daga tsakani. Mai turi ba ya tambayar shekarunka, shi dai a cika memori. Fim ɗin ba shi da kwali, sunansa kawai "Sabon Indiya 3". Allon tafin hannu ne, sautin a cikin kunne yake, ɗakin kallon kuma ƙarƙashin bargo ne. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya sa ido a kan abin da ake fitarwa kasuwa, amma wace hukuma ce za ta leƙa bargon ƙanena da ƙarfe ɗayan dare?

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya. Zamanin faifai ba zamanin waliyyai ba ne. An sayar da ƙazanta a faifai, an kalle ta a ɓoye. Yawancin na ƙasashen waje da ke akwatina ma na satar fasaha ne, irin masu fim goma ko ashirin a faifai ɗaya, kuma wannan satar tana cikin abin da ya karya 'yan kasuwar fim na Ƙofar Wambai da masu shirya fina-finan Hausa. Sannan faifai ba zai dawo ba. Netflix ɗin kanta da aika faifai ta gidan waya ta fara, ta kuma rufe wannan sashe a 2023. Ko kwamfutocin da muke yin furojet da su yanzu, da yawa ba su da wurin sa faifai. Ba cewa nake mu koma baya ba. Cewa nake mu gane abin da ya faɗi a hanya lokacin da muke gudu, mu koma mu ɗauko shi.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Cikin arba'in ɗin nan akwai waɗanda zan iya kallo da kowa ban ji kunya ba. Babban misali na gida ne: October 1 na Kunle Afolayan, wanda ya fito a 2014. Marigayi Sadiq Daba, wanda ya rasu a 2021, shi ya fito a matsayin Sufeto Danladi Waziri, ɗan sanda ɗan Arewa da Turawan mulkin mallaka suka tura wani gari a ƙasar Yarabawa ya binciki kisan 'yan mata, ana saura kwanaki a ba Najeriya 'yancin kai a 1960. Fim ɗin bai mayar da makashin gwarzo ba. Ya nuna yadda gari ke ɗora laifi a kan baƙo saboda ƙabilarsa, ya nuna cewa mai laifin na cikin manyan gari ne, ya nuna zaluncin da aka yi masa yana yaro ba tare da ya wanke shi ba, ya kuma nuna yadda masu mulki ke son a binne gaskiya in ta taɓa ɗan gata. Ka gama kallonsa kana tunanin ƙasarka ne, ba kana sha'awar wuƙa ba.

Ma'aunin da nake amfani da shi yanzu ke nan, kuma shi nake ba ku shawara. In fim ya ƙare, ka tambayi kanka: wa na tausaya wa? Wa na yi wa tafi a zuciyata? Zan iya tuna fuskar ko mutum ɗaya cikin waɗanda aka kashe? In amsar ba ta yi maka daɗi ba, to fim ɗin ya yi aiki a kanka, ba kai ka kalle shi ba.

Ina da roƙo guda biyu. Na farko ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai: a ware dare ɗaya a wata, a samu ɗakin lakca da majigi, a kalli fim tare, maza da mata, a gayyaci malami ɗaya, in an gama a yi rabin awa ana muhawara. Ni zan kawo faya-fayan da na'urar kunna su, kyauta. Kuma duk mai tsofaffin faya-fayan Hausa a gida, don Allah kada ya zubar. Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau an yi fina-finai masu ɗimbin yawa, kuma ba duka ne suka hau YouTube ba. Wani faifan da ke cikin kwandon sharar gidanku, mai yiwuwa da wuya a sake samun irinsa. Kafin in kammala diflomata a bana, ina so in ga an samu ko kabad ɗaya ne a makarantar nan da za a adana su.

Na biyu gare mu ne, mu yayye. Yawancinmu muna da ƙanne a gida, a Daura ko Zango ko Baure ko Sandamu ko Mai'aduwa ko ma nesa da nan. Mu ne muka san waya, iyayenmu ba su san abin da ke cikin memori ba. Kawu ya rufe shago, to mu ne za mu tsaya a gurbinsa. Ƙwace waya ba ya magani, gobe zai ari ta abokinsa. Zama da shi ne magani.

Ni dai abin da na yi ke nan. Daren da ya biyo baya na ce wa ƙanena ya kawo fim ɗin mu kalla tare daga farko, a falo, da sauti a buɗe. Duk yarinyar da ta fito sai in tsayar in ce ya faɗi sunanta, ya faɗi wanda zai yi kukan rashinta a gidansu. Kafin mu kai rabi ya ce, "Yaya, kashe kawai. Mutumin nan mugu ne." Na ce to, yanzu ka kalli fim ɗin.

Allah Ya tsare mu da zuri'armu, Ya jiƙan waɗanda aka zalunta, Ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe. Wanda ke son ganin akwatin, ya tambayi Gidan Tarihi a hostal, kowa ya san ni.